Rawar da Ba a Iya Gudu a Cikinta

Yau kwana goma sha biyu ke nan da na saki hannun Kaka. Gara in faɗa tun daga farko, don idan na bari sai ƙarshe na san ba zan faɗa ba.

Ranar wata Asabar ce na kai ta wani katafaren gidan shaguna don ta zaɓi takalmin sanyi. Mun saya, muna fitowa, sai wani abu ya yi ƙara sau biyu kamar harbi. Wani ya ambaci bindiga. Kafin in waiwaya mutane sun kwaso da gudu kamar an ɓalle madatsar ruwa. Kaka ta damƙe wuyan hannuna, ni kuma na ɓamɓare yatsunta. Ba zamewa hannun ya yi ba, ba kuma taro ne ya raba mu ba, kamar yadda Umma take gaya wa masu zuwa jaje. Ni na ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya na ruga. Da hankalina ya dawo, sai na gan ni a tsugune bayan motar wani, rungume da kwalin takalmi. Daga baya aka ce wasu tebura ne suka kife a wajen cin abinci. Babu bindiga, babu komai. Amma an ture Kaka, ta faɗi, ƙashin ƙugunta ya karye.

An yi mata aiki, aka mayar da ita wani gidan jinya a garin Beltsville, nan Amurka, inda ake koya wa tsofaffi tafiya. Sau uku na tuƙa mota har bakin gidan, in kashe, in zauna, in sake tayarwa in dawo. Umma ta ce Kaka ta ƙi tashi daga gado, ko masu koyar da tafiyar sun zo sai ta juya fuska bango. Likita ya ce idan aka ƙara mako a haka, da wuya ta sake takawa. Na tambayi Umma ko ta neme ni. Umma ta yi ta gyaran mayafi.

Tun ranar ban iya zama wuri ɗaya ba. In tashi daga kujera in je taga, in baro taga in buɗe firij, in rufe ban ɗauki komai ba. A kantin maganin da nake aiki kwali ya faɗo daga kanta, sai ga ni a ƙarƙashin tebur. Kuma duk inda na juya, zuciyata wuri ɗaya take komawa: wata 'yar farfajiyar siminti a Hyattsville, garin da muka fara zama, da tsofaffi biyu, da wata wuta da ba ta fi tafin hannu ba.

Ina da shekara goma sha ɗaya a lokacin. Shekara guda da zuwanmu daga Kano aka kawo Kaka don ta riƙa zama da ni, saboda Umma aikin yamma take yi, Abba kuma yana kan titi da tasi. Sunan Kaka aka sa mini, Rabi, shi ya sa ba ta taɓa kira na da wani abu ba sai takwara. Ta kafa doka cewa Turanci a bakin ƙofa ake cire shi tare da takalmi, kuma ni ce mai rubuta mata wasiƙu zuwa gida. Albarkacin wannan dokar nake iya rubuta abin da nake rubutawa yanzu.

Ƙasar ba ta yi mata ba. Ta ce gari ne marar tsakar gida, mutane a jere a kan juna kamar kwanuka. Ta ce tatsuniyar da ba a ji ƙaurin hayaƙi a jikinta ba, labarin rediyo ce kawai. Don haka da zarar ta sallame magariba, idan lokacin zafi ne, sai ta shimfiɗa tabarma a barandarmu ta hawa na biyu, ta sa kaskon turarenta tsakanin ƙafafu da garwashi uku a ciki, ta tsaga goro, ta fara. Labaran kura, da na 'yan mata masu kunnen ƙashi, da na fatake da suka kwana a dajin da bai kamata ba. Sauro yana cizon mu, motoci suna wucewa, ita ko a jikinta.

Amma Kaka, duk da son garwashinta, tsoron harshen wuta take yi. Tana amarya gobara ta cinye ɗakinta da duk abin da iyayenta suka tara mata. Ko ashana aka ƙyasta sai ta bi ta da ido har ta mutu.

Wata yamma a tsakiyar watan Agusta, tana shirin fara labari, sai ta ɗaga hanci. Ta leƙa ƙasa ta tsakanin ƙarafan baranda. Hayaƙi ne yake tasowa daga farfajiyar matar da ke zaune a ƙarƙashinmu, har da ɗan harshen wuta yana lasar iska.

"Takwara, tsohuwar ƙasan nan za ta ƙone mu."

Ba ta jira komai ba. Akwai bokitin da ta jiƙa ɗankwalayenta a ciki, ta tsame su ta yar, ta ɗaga bokitin ta juye shi gaba ɗaya.

Shiru ya biyo baya. Ba ihu, ba zagi. Wannan shirun ne ya sa ta yafa mayafi ta tasa ni gaba, don ni ce bakinta a duk inda ake Turanci.

Mun tarar da matar a durƙushe, jiƙe sharkaf, kumfar sabulu a kan farin gashinta. 'Yar ƙarama ce, 'yar Japan, muna ganin ta tana ban ruwa ga tukwanen shukarta amma ba mu taɓa wuce ɗaga hannu ba. Sunanta Saciko. Wani sojan Amurka baƙar fata ne ya auro ta tun tana budurwa, ya rasu ya bar ta ita kaɗai a gidan haya. A gabanta akwai wani ɗan faranti na yumɓu, da karyayyun tsinken da mutanensu suke cin abinci da shi, an jera su kamar ɗan rumbu, duk sun zama baƙin caɓi. Da ta gan mu sai ta miƙe ta sunkuyar da kai, kamar ita ce ta yi laifi. Kaka ta ce da ta zage ta da ya fi mata sauƙi.

Kaka ta ce in tambaye ta me take dafawa a wannan 'yar wuta. Matar ta ce ba girki ba ne. A garinsu, a wannan watan, mutanen gidan da suka mutu suna zuwa ziyara ta kwana uku. Ana kunna musu wuta a bakin ƙofa ranar farko don su gane gida, a sake kunnawa ranar ƙarshe don a raka su. Ta ce nata mamatan daga nesa suke tahowa, shi ya sa ba ta taɓa fashi.

Na juya maganar da Hausa. Kaka ta yi salati a hankali. Ta ce mamaci ba ya dawowa, wannan ta sani, amma tsakanin matar ne da Mahaliccinta. Abin da ya shafe ta ita Rabi shi ne ta kashe wutar mutane, ta kuma jiƙa tsohuwa. Ta kama hannun rigar matar za ta matse mata, sai na ga ta tsaya. Riga ce doguwa mai faɗin hannu, shuɗiya mai duhu da zanen fari. Kaka ta murza ta da yatsa, ta kai hanci.

"Wannan ai rinin baba ne. Tambaye ta a wace marina aka tsoma."

Mahaifin Kaka marini ne, har ya koma ga Allah hannuwansa shuɗi ne zuwa gwiwar hannu. Da na faɗa wa matar haka, fuskarta ta canza. Ta ce garinsu, Tokushima, a wani tsibiri, garin baba ne tun kaka da kakanni, can ake noma shi a dafa shi a sayar wa ƙasar duka. Suka tsaya riƙe da hannun riga ɗaya suna ta gyaɗa wa juna kai, ni a tsakiya ba wanda ya ƙara bukatar bakina.

Kaka ta hau sama ta dawo da kaskonta. Ta ajiye a gaban matar ta ja da baya.

"Gaya mata ni ba na kunna wa matattu wuta. Amma a garinmu ba a hana maƙwabci garwashi. Abin da za ta yi da shi nata ne."

Haka aka yi wutar ta sake tashi. Daga ranar ta zama Iya Saciko a bakinmu, kuma shekara biyar muka yi, duk tsakiyar Agusta, muna saukowa mu zauna da ita waɗannan yammaci uku. Ita a kan 'yar kujerarta, Kaka a kan tabarma can nesa da harshen wutar, ni ina kai magana ina kawowa.

A yammacin farkon ne ta ba mu labarin rawar garinsu, wadda ake kira Awa Odori, wato rawar ƙasar Awa, tsohon sunan yankin. Amma ban iya tuna yadda ita ta faɗa ba, saboda Kaka ta karɓe labarin ta mayar da shi nata. Duk lokacin sanyi, muna maƙale da hitar ɗumama ɗaki, sai ta ce, "Ga ta nan, ta ƙetaro teku biyu, har yanzu ƙafarta jiƙe." Ni kuma in ce ta shigo ta bushe.

Wai an yi wani sarki, shekaru ɗari huɗu ko fiye, da ya gina gidan dutse a kan tudu kusa da kogi. Talakawa suka sha wahalar ɗaukar dutse har kafaɗunsu suka yi kanta. Ranar da aka gama, sarki ya ji kunyar su, ya buɗe rumbunansa, ya sa aka fito da manyan tuluna na giyar shinkafa. A nan Kaka takan yi a'uziyya ta ce a rubuta kunu ne da ya kwana. Mutane suka sha, suka tashi za su koma gida, ƙafa ta ƙi. Wannan ya yi nan, wancan ya yi can, hannuwa a sama suna laluben abin dafawa. Akwai wani makaɗi a gefen hanya. Maimakon ya yi musu dariya, sai ya dubi yadda suke tangaɗi ya sa musu kiɗa daidai da shi. Da ƙafa ta kauce sai ganga ta tare ta. Kafin a kai ƙofar gari, tangaɗi ya zama rawa, kuma ba wanda ya faɗi.

Iya Saciko ta ce wasu sun ce ba haka ba ne, rawar ta girmi sarkin, tun asali ta tarbar baƙin nan ce da ake kunna wa wuta. Na tambaye ta wanne ne gaskiya. Ta ce duka biyun, ya danganta da shekarar da mutum yake ciki. Ta ce masu mulki sun ji tsoron rawar, suka ƙayyade mata kwanaki, suka hana mayaƙa masu takobi shiga. Kaka ta ƙara nata, wai akwai wani barde da yakan ɓoye takobinsa a cikin buhun shinkafa, ya ɗaure fuska da ƙyalle kamar ɓarawo, ya shige cikin masu sayar da kifi ya yi ta rawa har asuba. Da aka zo kan cewa attajiran baba ne suka riƙa ɗaukar nauyin makaɗa da tufafin masu rawa, Kaka ta buga cinya ta ce ai dama duk garin da aka ga ya yi kyau, a tona, akwai marini a ƙarƙashi. Sai ta rufe da ƙurunƙus kan kifin teku, ta ce in tashi in yi isha.

Yammaci na biyu Iya Saciko ta fito da murfin tukunya da cokali. Ta ce a can akwai ganguna manya da ƙanana, da sarewa, da wani abu kamar garaya mai tsirkiya uku, amma ƙararrawar ƙarfe ce take jan kowa, bugu biyu-biyu. Ana rufe titunan gari, dubban mutane su jeru ƙungiya-ƙungiya suna tafiya gaba. Mata suna sa malfar ciyawa da aka ninke biyu har ta rufe rabin fuska, su tsaya a kan ƙarshen yatsunsu cikin takalmin katako. Maza kuwa su rusuna ƙasa-ƙasa, gwiwa a buɗe. Akwai kuma ƙungiyar da ba ta kowa ba, wadda duk ɗan kallon da ƙafarsa ta yi masa ƙaiƙayi yake iya faɗawa ciki da kayan jikinsa.

Doka biyu ce kawai, in ji ta. Hannu ba ya sauka ƙasa da kafaɗa. Sannan hannun dama da ƙafar dama tare suke fita, hannun hagu da ƙafar hagu tare.

Kaka ta ce ita ko a bikinta ba ta yi rawa ba, 'yar gidan mutunci ce. Amma wannan ai ba rawa ba ce, tafiya ce, bari ta nuna mana ba wuya. Ta gyara zani ta ɗaga hannuwa. Ƙafar dama ta fita, hannun hagu ya bi ta. Ta sake, haka. Ta ce jikinta ne yake mata gardama. Iya Saciko tana buga murfi tana dariya har da hawaye, Kaka tana ce mata 'yar tsohuwa mai kama da tsinke, ta bari ta ga ranar da za a ba ta taɓarya. Ban fassara wannan ba, amma na ga alama ta gane.

Ni na kama da wuri. Ina ta kai da kawo a kan ciyawar da ke gefen farfajiyar ina jin kaina, sai Iya Saciko ta ce to in ruga a haka, kada in sauke hannu, kada in sauya. Na gwada. Taku uku na kife. Ta ce ai shi ke nan. Mai gudu dole hannunsa ya saɓa wa ƙafarsa. A wannan rawar ba a iya gudu. Gari guda a kan titi, kafaɗa da kafaɗa, ba mai ture wani.

Yammaci na uku ba a yi dariya ba. Ta jera tsinkayenta ta kunna wutar rakiya, ta yi ta kallon ta. Sai ta fara magana da wata murya marar hawa da sauka. Ta ce tana da shekara goma, a ƙarshen yaƙin duniya na biyu, jiragen sama suka ƙone garinsu a dare ɗaya. Gidajen katako ne. Kowa ya nufi kogi. Ita tana tare da kakarta, wadda ba ta iya sauri. Ta ɗaga hannunta na dama a hasken wutar, a dunƙule, sai ta buɗe yatsun a hankali. Ta ce, da Turancinta mai tsinkewa, ita ce ta saki hannun. Ta ruga, ta kai kogi, ba ta sake ganin tsohuwar ba.

Kaka ta taɓa ni da ƙafa, ta ce me ta ce.

Na dubi hannun nan a buɗe. Na ji ba zan iya ɗaukar maganar in kai wa tawa kakar ba. Na ce, wai kakarta ta ɓata a cikin taro. Kaka ta daɗe tana kallo na, sannan ta ce Allah sarki, ta ci gaba da jan carbi.

Iya Saciko ta ƙarasa. Ta ce shekara na zagayowa, gari bai gama tashi daga toka ba, mutane suka fito rawa, wasu da tsumma, wasu suna buga gwangwani. Ita ta tsaya a gefe, don a ganinta ba ta cancanci shiga ba. Sai wata tsohuwa da ba ta sani ba ta fito daga layi ta fizgo ta ciki, ko tambayar ta ba ta yi ba. Tana kuka tana takawa har ƙarshen titi. Wannan duka na fassara daidai. Wutar ta cinye, muka yi sallama.

Bayan shekara biyar wata 'yar Iya Saciko ta zo ta ɗauke ta zuwa wata jiha mai nisa, can ta rasu. Kaka ta yi kwana biyu ba ta ci goro ba.

Shekarun nan duka, idan na tuna labarin, sarkin nake tunawa da barden da ya ɓoye takobi, da Kaka tana faɗa da ƙafarta. Na ɗauka darasin shi ne wanda ake gaya wa yara, cewa kada a yi wa mai tangaɗi dariya. A 'yan kwanakin nan da nake zagaye ɗaki ne na fara lissafi. Matar nan ta haura saba'in tana karya tsinke a bakin ƙofar gidan haya, a ƙasar da ba wanda ya san abin da take yi, tana nuna wa tsohuwa hanya. Ita tata kakar ba ta da inda za ta same ta, sai wuta. Tawa tana Beltsville, tafiyar minti ashirin, a ɗaki mai lamba, da ranta, ni kuwa ina zaune a mota ina kallon ƙofa.

Na kuma gane abin da ya sa ta sa ni gudu a kan ciyawa. Ba wasa take yi da ni ba. Ta san abin da ƙafa take yi idan tsoro ya zo, ta san ba ta shawara da mai ita. Ban ce wannan ya wanke ni ba. Bai wanke ni ba. Ya dai sa jiya da la'asar, karo na huɗu, na fito daga motar.

Kaka tana kwance an ɗan ɗaga mata kai, ta rame, ɗankwalinta a karkace. Umma na ganin na shigo ta ce bari ta je ta yi salla. Na durƙusa a gefen gado na gaishe ta. Ta amsa duka, har da tambayar aiki da gajiya, irin amsar da ake yi wa baƙo. Ba ta ce takwara ba.

Na ce akwai wata fassara da na yi mata ba daidai ba, shekara goma sha huɗu da suka wuce. Na gaya mata ainihin abin da Iya Saciko ta faɗa a daren wutar rakiya.

"Ai na sani," in ji ta. "Bakinki ya ce ɓata, hannun matar ya ce wani abu daban. Ni ba na jin Turanci, amma ba makauniya ba ce."

Na ce to ni ma ba taro ne ya raba mu ba.

"Wannan kuma a jikina aka yi." Ta ɗago hannunta daga cikin bargo. Ɗan yatsanta na tsakiya har yanzu a kumbure yake. "Ƙugu mutanen da ban sani ba ne suka karya. Wannan ne naki. Shi ya fi hana ni barci."

Na kifa kai a kan katifa. Na jira ta ce ta yafe, ko ta ce in tashi in ba ta wuri. Ba ta ce ko ɗaya ba. Ta bar ni na yi kukana, tana kallon silin.

Muna haka mai koyar da tafiya ta shigo, wata doguwar mata mai fara'a, da ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu da wata ɗamara mai faɗi da ake ɗaura wa majinyaci a ciki don a riƙe shi ta baya. Daga yadda ta tsaya a bakin ƙofa na san ta saba a kore ta. Ta ce kwana takwas ke nan tana zuwa.

Kaka ta ce in gaya mata dalilin da ya sa take ƙin tashi. Ta ce matar tana ta surutu ba ta san me take cewa ba, sannan a ce ta miƙe a kan karyayyen ƙashi, wani yana bayanta inda ba ta ganin sa. Ta ce ta gama yarda da abin da ke bayanta. Na fassara, kalma da kalma. Matar ta gyaɗa kai, ta fara naɗe ɗamarar za ta fita.

"Ce mata ta kawo. Ke za ki riƙe."

Na ce, Kaka, hannuna karkarwa yake yi, tun ranar bai daina ba. Ta ce ba ta tambaye ni lafiyar hannuna ba.

Matar ta yarda, da sharaɗin tana gefe. Ta nuna mini yadda zan cusa yatsu ta ƙarƙashin ɗamarar in dunƙule. Ta ce in Kaka ta tafi za ta faɗi, kada in yi ƙoƙarin ɗaga ta, ba zan iya ba. In jawo ta jikina mu sauka ƙasa tare a hankali. Kaka ta ce me ta ce. Na gaya mata yadda aka faɗa, har da maganar faɗuwar, ban rage komai ba. Ta auna abin a ranta. Sai ta yi bisimilla ta zuro ƙafafu ƙasa.

Tashin kaɗai ya ci minti biyar. Gumi ya jiƙa wuyan rigarta, ta ciji leɓe. Matar ta ce daga gado zuwa ƙofa taku tara ne, in an samu uku ma yau an gode. Ƙarfen ya matsa, ƙafa mai ciwo ta bi, mai lafiya ta biyo. Ina jin nauyinta duka yana zuwa hannuna yana komawa. Ba ta da nauyi ko kaɗan, wannan ma ya ba ni tsoro.

Mun wuce uku. Mun wuce biyar. A na bakwai wani ya yar da tiren kwanuka a waje, ƙarar ta cika ginin. Idona ya nemo ƙofa da kansa, duk jikina ya karkata zai tafi. Yatsuna suka ƙage a cikin ɗamarar har na daina jin su.

Kaka ta tsaya, tana haki. Ba ta waiwayo ba.

"Takwara, kina nan?"

Na ce ina nan.

"To, saura biyu."